DALLA-DALLA: Yadda ake horas da malaman makaranta a Zamfara, da abin da ke hana horon isa cikin aji

Duk wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato, zai ratsa Tsafe, ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, ya fita ta Bunguɗu, sannan ya isa Maru. A kan wannan titi guda ne manyan makarantun da ke horas da malaman Jihar Zamfara suke. A ƙauyukan da ke dama da hagunsa kuwa aka fi fama da ƙarancin malaman da makarantun ke yayewa.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Tun daga lokacin an fi jin labarin gyaran azuzuwa da biyan bashin kuɗin jarabawar WAEC da NECO, domin su ne ido ke gani. Amma gini ba ya koyar da yaro karatu. Wannan rahoto ya bi sawun malamin firamare tun daga ranar da ya nemi gurbin karatu har zuwa ranar da ya tsaya gaban allo da alli a hannu.

Wane ne malami a idon doka

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya, ta tanadi cewa shaidar NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da mutum zai riƙe kafin ya koyar. Karatun NCE na shekara uku ne bayan sakandare. Manufar ta kuma ƙayyade cewa kada ɗaliban malami ɗaya a firamare su wuce 35.

Hukumomin tarayya uku ke riƙe da wannan tsari. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhaja tare da tantance kwasa-kwasan kwalejoji. Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda doka ta kafa a 1993, ita ke yi wa malami rajista ta ba shi lasisi, kuma tun 2017 sai an ci jarabawarta kafin a samu. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, an kafa ta a 1976 domin malaman da ke bakin aiki su ƙaro ilimi ta hanyar karatu daga nesa ba tare da sun bar aji ba.

Wanda ya yi digiri a fannin da ba na koyarwa ba, sai ya ƙara da difilomar ilimi ta PGDE kafin doka ta ɗauke shi malami. A jiha, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, tare da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 14, su ke ɗaukar malaman firamare, su tura su wuraren aiki, su kuma sa ido a kansu.

Daga 'Yandoto zuwa Maru

Horas da malamai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. 'Yandoto, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe a yau, gari ne na malamai da ya shahara tun kafin jihadi, almajirai na zuwa daga nesa su zauna gaban shehunai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a Zamfara. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: takan horas da dattijan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu mata. A wannan tsohon tsari, malami yakan koyi koyarwa ne a gefen wanda ya fi shi, ba a kuma ba shi izini sai an ga ya iya.

Horon malaman boko ya biyo wata hanya dabam. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawar Kano a 1909 tana da sashen horas da malamai. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina domin samar wa makarantun larduna malamai. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk can suka yi karatu, kuma dukkansu sun riƙe alli kafin su shiga siyasa. Shehu Shagari ma malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu.

Zamfara na da nata kason a wannan tarihi. Malam Aminu Kano, bayan ya dawo daga karatun koyarwa a Landan, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Daga nan aka tura shi makarantar horas da malamai ta Maru, inda ya yi ta samun saɓani da hukumomin En'e kan yadda ake tafiyar da talakawa. Daga Maru ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. A wancan zamani malamin makaranta shi ne mai karanta wa gari jarida, mai rubuta wasiƙa, kuma daga cikin malamai Arewa ta fitar da yawancin shugabanninta na farko.

Gaggawar 1976 da abin da ta bari

A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi nesa ba kusa ba. Don a cike azuzuwa, aka buɗe kwalejojin malamai masu ba da shaidar malanta mai daraja ta biyu a ko'ina, aka gajarta horo, aka kuma ɗauki malaman wucin-gadi waɗanda ba su taɓa zama a ajin koyon koyarwa ba. Da kuɗin mai ya karye a farkon shekarun 1980, albashin malamai na daga cikin abin da ya fara tsayawa, kuma tun daga nan martabar aikin ta soma zubewa.

Daga baya aka daina amfani da shaidar daraja ta biyu, aka rufe kwalejojinta ko aka mayar da su sakandare, NCE ta maye gurbinta. Sai dai an yi asarar wani abu a wannan sauyi. Tsofaffin kwalejojin sun ginu ne kacokan kan koyar da ƙananan yara: yadda ake riƙe aji, da rubutun allo, da shirya darasi. NCE kuwa asalinta don ƙananan azuzuwan sakandare aka tsara ta, ɗalibi ya haɗa fannoni biyu, kamar Hausa da Addinin Musulunci ko Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa. Sai ga mai irin wannan takarda an tura shi aji ɗaya na firamare ya koyar da baƙi da wasali, abin da bai taɓa koyon yadda ake yi ba. A 2012 NCCE ta sake fasalin manhajar domin a ware masu ƙwarewa a ilimin rainon yara, da na firamare, da na ƙaramar sakandare. Amma dubban malaman da ke aiki yanzu da tsohon tsarin aka yaye su.

Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba na 1999, da dokarsa ta 2004, sun sake ƙara yawan ɗalibai. Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta shiga wannan sabon zango tana jaririyar jiha mai ƙarancin ma'aikata masu takarda.

Inda ake horas da su a yau

Makarantu biyu ne ginshiƙi. Ta farko ita ce Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1980. Ta mata ce zalla, abin da ya sa iyaye da dama suka saki jiki suka tura 'ya'yansu. Ta biyu ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Zamfara da ke Maru, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura. Bayan su akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da cibiyoyin karatun NTI na ƙarshen mako. Wasu 'yan jihar kuma kan tafi Sakkwato ko Zariya ko Katsina su yi karatun malanta.

Har zuwa 2025, mai neman NCE sai ya kawo kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, ya kuma rubuta jarabawar JAMB. Cikin shekara uku zai karanta darussan tarbiyyar koyarwa, da halayyar yara, da fannin da ya zaɓa. Akwai gwajin koyarwa a gaban 'yan ajinsu, sannan a tura shi wata makaranta ya yi zango guda yana koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP, malaman kwaleji na zuwa suna duba shi. Dokar Kwalejojin Ilimi na Tarayya ta 2023 ta kuma ba kwalejojin tarayya ikon ba da digiri da kansu, baya ga NCE.

Matsala ta farko: su wa ke shiga

A shekarun baya-bayan nan, mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, alhali na jami'a ya kai 140, daga baya ma 150. Saƙon da wannan ke isarwa ga matashi a fili yake: koyarwa aikin wanda ya rasa gurbin jami'a ne. Kwaleji na karɓar ɗalibin da ya fito daga firamaren da ba ta koya masa karatu sosai ba, ta yi ƙoƙarin cike giɓin shekara goma sha biyu cikin shekara uku, sannan ta mayar da shi wannan firamaren a matsayin malami. Haka rauni ke haifar da rauni. A 2018 an ruwaito cewa yara 28 kacal daga Zamfara suka yi rajistar jarabawar shiga makarantun haɗaka na tarayya, adadi mafi ƙaranci a duk ƙasar.

Matsala ta biyu: harshen koyarwa

Kusan duk yaron da ke shiga aji ɗaya a Tsafe ko Bunguɗu da Hausa yake magana, wasu kuma da Fulatanci. A kwaleji kuwa da Turanci ake karantar da malaminsa, da Turanci ake jarraba shi, kuma ba kasafai ake nuna masa yadda zai koya wa yaro karatu da harshen da ya tashi da shi ba. Gwamnatin tarayya ta amince a 2022 cewa a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da soke wannan manufa tare da komawa Turanci. Malamin ƙauye shi ke tsakiya: littafi na Turanci, bayani da Hausa, jarabawa da Turanci, kuma babu wanda ya horas da shi kan yadda zai haɗa su.

Matsala ta uku: birni ya cika, ƙauye ya rasa

Samun takardar NCE bai nufin mutum zai koyar a inda ake buƙatarsa. Malami mai uwa a gindin murhu kan nemi a bar shi a cikin Gusau ko hedikwatar ƙaramar hukuma, inda akwai asibiti da lantarki da makarantar 'ya'yansa. Makarantun Magami da Wonaka da Bilbis da Bingi da ire-irensu su ne ba a rububin zuwa. Lamarin ya fi ƙamari a ɓangaren mata. Yawancin matan da suka gama kwaleji 'yan birni ne, kuma matar aure ba za ta bar gidan mijinta ta tare a ƙauyen da ba ta da kowa ba. A ƙauyen kuma, iyaye da yawa ba sa barin 'yar da ta fara girma ta ci gaba da zuwa makarantar da babu malama ko ɗaya. Ƙauyen da bai yaye 'yan mata daga sakandare ba, ba zai samu malama 'yar gari ba.

Don warware wannan ƙulli ne shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi kuma zagayensa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022 a jihohin da suka haɗa da Zamfara, ya tallafa wa 'yan matan karkara su yi NCE bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar. Dabara ce mai kyau, amma nasararta ta rataya ne ga gwamnati ta ɗauke su aiki bayan sun gama.

Matsala ta huɗu: tsaro

A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga sakandaren Jangebe. An sako 279 bayan 'yan kwanaki. A ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sace ɗalibai 73 a sakandaren Kaya ta Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan sadarwa. A watan Satumba na 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, a bakin babban birnin jihar.

Illar wannan ga horas da malamai ta wuce kwanakin karatun da aka rasa. Kwaleji ba za ta tura ɗalibinta koyarwar gwaji a ƙauyen da ake tare hanya ba, malamin da zai duba shi ma ba zai je ba. Saboda haka ake cunkusa masu gwaji a makarantun gari, su gama ba su taɓa ganin irin ajin da aka fi buƙatarsu ba. Sufeton makarantu shi ma ya rage yawo, malamin da ke can ya zama babu mai duba aikinsa, babu mai jin kukansa. Yaran da aka raba da garuruwansu kuma sun kwararo makarantun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, aji ya ninka ƙa'idar ɗalibai 35, yaran na ɗauke da firgicin abin da suka gani, malamin kuwa ba a koya masa yadda zai tallafe su ba.

Matsala ta biyar: albashi da mai biyansa

Daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malaman firamare. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 ya zama doka a 2019, amma Zamfara ba ta fara biyansa ba sai 2024, shekarar da tarayya ta ɗaga shi zuwa naira 70,000. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata dole ya haɗa da noma ko kabu-kabu ko tireda, kuma duk wanda ya samu wata kafa sai ya bar aikin. Waɗanda suka fi ƙwazo su ke fara tafiya. Gibin da suka bari akan toshe shi da masu yi wa ƙasa hidima, ko, a da, matasan N-Power da aka fara ɗauka a 2016, ko 'yan sa-kai da ƙungiyar iyaye ke ba ɗan abin sabulu.

A ranar 5 ga Oktoba, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma ya sa hannu kan dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sai dai tarayya ba ita ke biyan malamin firamare ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, ya sake tayar da tsohuwar fargabar Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, wadda ta daɗe tana neman kada a bar albashin 'ya'yanta a hannun shugabannin ƙananan hukumomi.

Matsala ta shida: horon da ke tafiya da masu tallafi

Dokar UBE ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi, kashi 10 na wannan kuɗi na horas da malaman da ke bakin aiki ne. Sau da yawa horon kan ƙare a bitar kwana uku ko biyar a ɗakin taro, a raba alawus, a watse, babu mai bin malami zuwa aji ya ga ko ya canza.

An gwada abin da ya fi haka a Zamfara. Shirin bunƙasa malamai na TDP, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013, ya fara ne da Jigawa da Katsina da Zamfara. Binciken farko da aka yi ƙarƙashinsa ya nuna cewa akasarin malaman da aka gwada ba su mallaki Turanci da Lissafi da Kimiyyar da suke koyarwa yadda ya kamata ba. Shirin ya riƙa tara malaman makarantu maƙwabta lokaci-lokaci, ya ba su jagoran darasi, ya kuma tura masu taimaka musu har cikin aji. Shirin RANA kuma ya horas da malaman Katsina da Zamfara kan koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Dukkansu wa'adi gare su. Idan jiha ba ta sa irin wannan aiki cikin kasafinta ba, ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa aikin ke tsayawa.

Abin da wasu suka gwada

A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai a Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin aji huɗu. Fiye da 21,000 ba su kai makin kashi 75 da aka gindaya ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Matakin ya tona girman matsalar, amma waɗanda suka maye gurbin daga kwalejojin da suka yaye na farko suka fito. Ghana ta bi ta tushe: a 2018 ta mayar da karatun kwalejojin malamanta digiri na shekara huɗu, ta ƙara yawan lokacin da ɗalibi ke yi a makaranta yana koyarwa ƙarƙashin kulawa, ta kuma fara jarabawar lasisi. Matsalar dai ta duniya ce. UNESCO ta ƙiyasta cewa ana buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashen Afirka kudu da Sahara.

Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi

A farkon 2025 gwamnatin Zamfara ta amince da ɗaukar malamai 2,000. Ɗaukar ma'aikata mataki ne da ake buƙata, amma auna tasirinsa sai da bayanan da jama'a ke da haƙƙin nema ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Malamai nawa ke kan takardar albashi a kowace makaranta, nawa ne kuma ke zuwa aji? Nawa ke da NCE da rajistar TRCN? Cikin sababbin da aka ɗauka, nawa aka tura wajen hedikwatocin ƙananan hukumomi, kuma da jarabawa aka zaɓe su ko da takardar ɗan siyasa? Akwai alawus ko gidan zama ga wanda ya yarda ya je ƙauye? Nawa aka ware wa kwalejin Maru domin duba masu koyarwar gwaji, nawa kuma aka saki?

Kowace makarantar gwamnati ana son ta kasance da kwamitin al'umma mai sa ido kan gudanarwarta, inda iyaye da matasa da mata da masu unguwanni ke da kujera. Matashin da ke son sanin gaskiyar lamarin ba sai ya jira rahoton gwamnati ba: ya je firamaren unguwarsu da ƙarfe takwas na safe, ya ƙirga malaman da ke cikin aji, ya kwatanta da sunayen da ke rajistar hedimasta, sannan ya miƙa wa ɗan aji uku littafin Hausa ya ji ko zai iya karanta layi ɗaya.